Kaset Ɗari Biyu da Sha Biyu na Baba Shamshon

Iyayena da yayyena masu karanta takardar ƙungiyarmu, ina neman gafararku tun kafin in fara. Na san ba tsarata ba ce ke rubuta ta'aziyyar dattijo. Shekaruna goma sha shida, saura mini shekara ɗaya in gama sakandare, kuma Hausar da nake rubutawa ita ce wadda na koya a makaranta a Pankshin kafin mu taho ƙasar nan shekara uku da suka wuce. Inda na yi kuskure a gyara mini. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagewa. Abin da ya hana ni yage ta biyar shi ne akwai maganar da ya kamata in faɗa makonni huɗu da suka wuce, na yi shiru, shirun kuma ya yi ɓarna.

Ranar Alhamis, 12 ga Mayu, 2016, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Baba Shamshon Toma, maƙwabcinmu a Stapleton, yana da shekara sittin da uku. Ya yanke jiki ya faɗi a matakalar benenmu da jakar kyamara a kafaɗarsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Mama Alisabatu, da ɗansu David, da jikoki biyu.

Baba, an koya mini kada in ɗaga murya a gaban babba, balle wanda ya riga mu. Ba zan ɗaga ba. Amma ina jin haushinka, kuma tunda kai ne ka ce kada in riƙa haɗiye magana har ta zame mini ciwon ciki, yau zan faɗa.

Haushi na farko shi ne na likita. Matarka nas ce, shekara ashirin tana duba marasa lafiya. Tun Kirsimeti take ce maka numfashinka ya canza, ba ka hawa bene uku sai ka tsaya sau biyu. Kai da kake tsayawa a bakin jirgin ruwa ka hango dabbar teku can nesa ka ce wannan numfashinta ba daidai ba ne, ka kira masu ceto, naka numfashin ka ƙi saurara. Ina jin ka ta bango kana ce mata, "Bari ruwa ya yi ɗumi dabbobina su dawo in gan su tukuna, sai in je." Ruwa ya yi ɗumi yanzu, Baba. Sun dawo.

Da yawa a cikinmu sun san Baba ne a matsayin mai ɗaukar hoton biki da suna. Ba a yi wani taro a Bronx ko Harlem ko nan Staten Island ba a gan shi da kyamara yana cewa a matsa kusa da taga. Da wannan yake ci da iyalinsa. Amma aikin da ya ba da ransa a kai shi ne ɗaukar fim na dolfin, dabbar teku mai siffar kifi wadda take haihuwa, take shayar da ɗanta nono, take leƙowa sama ta shaƙi iska kamar mu. Mutanenmu suka sa masa suna Mai Kifi, yana amsawa, amma kowane lokaci sai ya tsaya ya yi bayanin cewa ba kifi ba ce, ko da kuwa abinci na hucewa.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Numan, a bakin Binuwai, mahaifinsa masunci ne. Ya ba ni labarin cewa yana ɗan shekara tara aka kashe ayu a gabansa, ɗan ayun ya yi kwana uku yana kewaya kwalekwalen da aka ɗauke uwarsa a ciki. Ya ce tun ranar bai ƙara kallon ruwa ya ɗauka babu kowa a ciki ba. Ya yi shekara goma sha biyu yana riƙe kyamara a gidan talabijin a Yola, ya zo New York a 1994, ya tuka tasi shekara biyar. Wata Asabar wani fasinja ya gayyace shi kamun kifi a bakin Rockaway, garken dolfin ya biyo jirginsu. Ya ce ya ajiye fatsar, bai sake ɗauka ba har ya mutu.

Ya yi gajerun finafinai uku da kuɗin aljihunsa, ana nuna su a makarantu da ɗakunan karatu. Na biyun a gaɓar tekun Ghana ya ɗauka, inda dolfin ke faɗawa tarun masunta ta mutu. Bai je yana yi musu faɗa ba. Wata biyu ya yi yana gyaran taru tare da su, yana cin abin da suke ci, har suka yarda ya koya musu yadda ake kwance dabbar da rai. Ya ce ɗan masunci ba ya zagin masunci.

Amma mu nan, Baba, ba ka yi mana wannan lallashin ba. Duk wanda ya halarci bikin 'yar Hajiya Nimatu, mai sayar da abinci a Morris Heights, ya tuna abin da ya faru. An fito da balan-balan hamsin za a sake su sama idan amarya ta fito. Ka sauke kyamara ka zauna a kujera, ka ce ba ka ɗauka sai an ɗaure su, domin duk wanda ya tashi teku zai faɗa, dabba ta haɗiye ta mutu. Hajiya ta zo da ludayi a hannu ta ce, "Shamshon, amarya muka kira ka ka ɗauka, ba wa'azin kifi ba." Ka ce, "Hajiya, amarya ba ta ƙagu ba, ga ta can tana gyara ɗankwali." Sai da aka ɗaure su a jikin shinge ka tashi. Na ji kunya ranar kamar ni na yi, na ɓuya bayan uwata. Yau kusan shekara biyu ban ga an saki balan-balan a taronmu ba.

Ni kuwa abin da ka yi mini daban ne. Da muka zo ƙasar nan na yi wata biyar ban buɗe baki a aji ba. Uwata ta kai ƙarata wurin Mama Alisabatu, kana zaune kana goge gilashin kyamara. Ba ka yi mini nasiha ba. Ranar Asabar ka ɗauke mu ni da uwata a ƙaramin jirgin abokinka, muka yi awa uku a kan ruwa ba mu ga komai ba, uwata na ta amai tana tambayar laifin da ta yi maka. Can sai wani baƙin baya ya ɓullo kusa da mu, na ji hucin numfashinsa. Ban motsa ba. Da muka sauka ka ce wa uwata, "Ki daina damun yarinyar nan. Na kai manyan malamai kan ruwa, ba wanda ya iya shiru kamarta. Shirunta sana'a ce." Ba a taɓa yaba mini a kan abin da ake yi mini faɗa a kansa ba. Daga ranar duk Asabar ɗin bazara ina jirgin nan.

Yanzu na zo kan babban haushin.

Baba bai taɓa barin kaset ba. Duniya ta koma ɗauka a kan kati da waya, shi yana nan da tsohuwar kyamararsa mai ƙaramin kaset na awa ɗaya. Idan ya ɗauki biki ko suna, sai ya juye a faifai ya kai wa masu taro, ya ajiye kaset ɗin asali a akwati, da sunan gidan a rubuce a jiki. To, kaset na ƙarshe a kowane taro ba ya cika, sai a sami minti ashirin ko talatin da suka rage. Baba kuwa ba ya iya ganin abu ya tafi a banza. Sai ya tafi teku da wannan ragowar ya cika ta da dolfin. Shekara goma sha bakwai yana haka. Duk aikinsa na nan New York yana wutsiyar bukukuwanmu, kuma bai rubuta ko harafi ɗaya a jiki da zai nuna haka ba.

Har sunayen dabbobin daga nan yake samowa. Duk dolfin ɗin da ya fara gani, sai ya sa mata sunan amarya ko jaririn da ke kan kaset ɗin. Na ce maka sau uku, Baba, mu sayi littafi mu rubuta. Na ma saya, mai shuɗin bango, ya yi ta zama a ɗakina babu komai a ciki. Ka nuna kanka da yatsa ka ce, "Littafin yana nan." Ranar 21 ga Mayu muka binne littafin.

Kwana uku bayan jana'iza, ana zaman makoki, Mama Alisabatu ta sa aka fito da akwatunan. Ta ga sunayen mutane a jiki. Ta ce a gaban dattawa, kayan mutane ne, amana ce, ba za ta bar mijinta ya kwanta da kayan wani a wuyansa ba, a mayar wa kowa nasa. Fasto ya ce ta yi daidai. Limamin da ya zo gaisuwa daga Harlem ya ce ta yi daidai. Kuma ta yi daidai a kan abin da ta sani, domin ita ba ta taɓa shiga jirgin ba, tana tsoron ruwa, Baba kuma ba ya kawo mata zancen aiki tun da ta ce masa ta gaji da jin labarin kifi a kan tuwo.

Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san abin da ke cikin kaset ɗin. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ina riƙe da farantin kofuna. Maganar ta taso har wuyana. Na dubi Fasto, na dubi Liman, na dubi dattawa goma sha ɗaya, na ce a raina idan an watse zan faɗa. Ba a watse ba sai da aka fara rabo. Daga nan Mama ta ce, "Nendirmwa ta san jiragen ƙasa, ita za ta kai wa waɗanda ba su zo ba." Na ce to. Sati biyu ina yawo bayan makaranta da jaka a baya, daga Morris Heights zuwa 125th Street, ina ƙwanƙwasa ƙofa, ina durƙusawa, ina miƙa aikin ranka da hannuna. Kaset ɗari biyu da sha biyu. Kowace ƙofa sai in ce a raina gobe zan faɗa. Wannan ne shirun da ka yaba, Baba.

Abin da ya tona ni shi ne waya. Wata malamar jami'a mai binciken dabbobin teku, wadda Baba ya sha yi wa aike da hotuna, ta kira Mama don gaisuwa, ta tambayi inda kaset ɗin suke. Ta ce suna shirya takardar roƙo ga hukuma a rage gudun jiragen shaƙatawa a wani sashe na bakin tekun, kuma babbar shaidarsu ita ce wata dolfin da Baba ya bi shekara goma tana dawowa wuri ɗaya, bara har da ɗanta. Farfelar jirgi ta taɓa yanke mata fiffiken baya, da wannan tabon ake gane ta. Sunanta Firdaoussi. Malamar ta ce ranar 30 ga Yuni za su rufe takardar.

Mama ta ajiye waya ta aika a kira ni. Na faɗi komai ina kallon tabarma. Da na gama ta ce, "Kina zaune a wurin." Na ce e. Ta ce, "Shi bai rubuta ba, ke ba ki faɗa ba. Allah ya haɗa ni da ku." Ta tashi ta ɗora mini shayi, abin da ya fi mari zafi.

Tun daga ranar nake bin gidajen a karo na biyu. Ina godiya ga duk wanda ya buɗe mini ƙofa. Ɗari da tamanin da uku sun dawo. Wasu ba za su dawo ba. Gida huɗu sun zuba nasu a shara domin ba su da abin kunnawa. Hajiya Nimatu ta riga ta ba wani matafiyi nata ya kai wa yayarta a Kumasi, amma ta kira a gabana ta yi ta faɗa a waya har sai da aka yi alkawarin dawo da shi. Da zan tafi ta cika mini roba da shinkafa da wake, ta ce, "Mutumin nan ya mutu ma bai daina ba mu aiki ba."

Ɗaya ne ya rage wanda idan babu shi sauran ba su isa ba. Shi ne na ranar da Baba ya fara ganin Firdaoussi, a watan Yuli na 2006, raunin yana ɗanye yana jini. Idan ba a nuna wannan ba, ba za a iya tabbatar da cewa dabba ɗaya ce duk shekarun nan ba. Yana wutsiyar kaset ɗin bikin sunan Firdaoussi, 'yar Alhaji Issoufou, mutumin Maraɗi, mai shagon turare da sabulu a 125th Street.

Na je shagon ranar Laraba. Na tsaya kusan minti ashirin ina karanta bayan kwalaye. Da mutane suka ragu Alhaji ya ce, "Bon, ɗiyata, na san abin da ya kawo ki. Zamna." Na zauna. Ya ce, "Na yi haƙuri da Shamshon ya sa wa kifi sunan ɗiyata, shekara goma yara na yi mata dariya. Wannan ya wuce, Allah ya jiƙan mutum. Amma kaset ɗin ga, tsohuwata na ciki. Tana riƙe da jinjira tana dariya. Wata ukku bayan nan ta koma Maraɗi ta rasu. Faifan da ya ba ni ya kakkarce tuni, ba ya yi. Ban ƙara ganin huskarta tana motsi ba. Yanzu Allah ya maido mini ita hannuna, ki ce in ba wasu 'yan jami'a su tahi da ita don kifi?" Ya buga hannu a kan akwatin ƙarfen da ya kulle shi a ciki.

Ina da amsa. Tana bakina, na shirya ta tun a jirgi. Na buɗe baki na ce, "Nawa ne wannan sabulun?" Na saya na fito. Na yi kuka daga Harlem har bakin feri, jirgin ruwan da ke tsallakawa da mu Staten Island, ba na baƙin ciki ba, na haushin kaina.

Ranar Lahadin da ta wuce bayan sujada muna juye kaset ɗin da suka dawo a kwamfuta ni da David, ta cikin kyamarar Baba. Mama ta shigo da guda ɗaya wanda bai taɓa barin gidan ba, domin sunanta ne a jiki. Na godiyar cikarsu shekara talatin da aure ne. Ta ce a sa, ta zauna. Muka kalli addu'a, muka kalli rawa. Sai hoton ya yanke, ruwa ya cika fuskar kwamfutar. Wata babbar dolfin tana ta tura ƙarami sama da hancinta, ya nutse ta sake turo shi, ya nutse ta sake turo shi. Sai muka ji muryarka, Baba, ƙasa-ƙasa kamar yadda kake yi a jirgi. Ka ce, "Wannan Alisabatu ce. Ba ta barin kowa ya huta sai ya yi numfashi."

David ya fita waje. Mama ta sa aka mayar baya sau uku. Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Wannan mutum. Shekara shida yana da wannan a akwati, ya bar ni ina yi masa faɗan kifi." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Me kika so ki gaya wa Alhaji?" Na gaya mata. Ta ce, "To rubuta. In bakinki ya ƙi, hannunki ba zai ƙi ba." Da izininta na rubuta duk abin da kuka karanta.

Saboda haka, Baba Alhaji Issoufou, ga abin da na kasa faɗa. Ba na roƙon ka ba kowa kaset ɗin. Kana da gaskiya, mahaifiyarka ce. Amma a cikin akwatin ƙarfe ba za ka gan ta ba, domin kaset ɗin ba ya kunnuwa sai a irin kyamarar Baba Shamshon, kuma tana nan gidan Mama, tana aiki. Ka zo da shi da kanka, ka sa shi da hannunka, ka zauna a kusa. Awa ɗaya ce. Za mu juye maka Hajiya mahaifiyarka a sabon faifai da kuma wayarka, ka kalle ta duk lokacin da ka so, Firdaoussi ma ta ga kakar da ta riƙe ta. Mu kuma mu ɗauki minti ashirin na ƙarshe. Ka koma da kaset ɗinka a aljihu. Idan zuwa Stapleton zai hana ka kasuwa, ni da David za mu ɗauko kyamarar mu zo shago. Saura kwana tara.

Baba Shamshon, na gama faɗan. Na yafe maka littafin da ba ka rubuta ba, ka yafe mini maganar da ban faɗa ba. Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutawarsa. Wanda ya halicci teku da duk abin da ke numfashi a cikinsa ya saka maka da alheri a kan kiwon da ka yi musu ba wanda ya sa ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Alisabatu, da Yaya David da iyalinsa, da 'yan'uwa na Numan, da duk gidan da Baba ya taɓa cewa a matsa kusa da taga. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya jiƙan mahaifiyar Alhaji da duk iyayenmu da suka riga mu.

Na buɗe littafin nan mai shuɗin bango, na fara rubuta kowace dabba da kaset ɗin da take ciki. Na bar shafin farko babu komai, na Firdaoussi ne. Idan dattawan ƙungiya ba su ga na yi rashin kunya da yawa ba, ina roƙon a ƙara ba ni fili sau ɗaya bayan 30 ga wata, in faɗa wa Baba ko shafin ya cika.

'Yarku,
Nendirmwa
Stapleton, 21 ga Yuni, 2016